Hutun Gwanin Tafki a Tsibirin Marjanu

Da sunan Allah da ya shimfiɗa ƙasa ya kewaye ta da ruwa, ya ba kifi nasa numfashi, ya ba ɗan Adam nasa. Bayan haka, ya mai karatu, ka sani ni ne Nomau, mutumin Zangaru, garin da ke zaune a bakin babban tafkin nan mai baƙin ruwa, can bayan duwatsun Kalmashi. Na yi yawon duniya gwargwado, amma tafiyar da zan ba da labarinta ita ce ta farko, kuma tare da mahaifina na yi ta.

Sunansa na yanka ba zai fito daga bakina ba. Mutane dai Gwanin Tafki suke ce masa. Sana'ar gidanmu nutso ce. Duk abin da ya faɗa tafki, tukunya ce, zobe ne, ko gawar wanda kwanansa ya ƙare, gidanmu ake aikowa. Baba yakan ja numfashi sau ɗaya ya ɓace, a yi ta jira har mata su fara salati, sannan ya ɓullo da abin a hannu, ko haki ba ya yi. Ni kuwa, ɗansa na fari, Allah bai ba ni ƙirji ba. Da na nutsa sai in ji kamar an ɗora mini turmi, in taso hannu wofi. Bai taɓa yi mini gori ba. Bai ma taɓa kiran sunana ba, saboda kunyar ɗan fari. "Kai wannan" yake ce mini, har gemu ya fito mini.

Wata damina tari ya kama shi, mai magani ya ce ya bar ruwan tafki ya je ya huta inda iskar teku ke kaɗawa. Da ba zai je ba. Sai wani bafatake ya ba da labarin tsibirin Marjanu, inda mutane ke zuwa daga nesa ba don fatauci ba, ba don neman aure ba, sai don hutu kawai. Ya ce kuma a can akwai masu nutso da ke zama ƙarƙashin teku har mutum ya ci tuwo ya wanke hannu ba su taso ba. Baba ya ce ƙarya ce. Daga ranar kuwa abin ya tsaya masa a rai, ko abinci ba ya ci sosai. Muka gaya wa gari za mu tafi hutu. Ni dai na san kishi ne ya ɗaura mana kaya.

Muka ratsa hamadar jan gishiri, inda ake ɗinka wa raƙuma takalma don kada ƙafafunsu su tsage. Muka wuce birnin Sumbal, wanda gidajensa duka a cikin kututturen kukoki suke, kowace kuka unguwa guda. Daga nan muka iso kogin Dargaza, inda masu fito ba sa haye da baƙo sai ya nutsa ya kawo musu farin yashi daga ƙasan kogin, cike da tafin hannu. Wanda ya kasa, sai ya zauna a gaɓar nan yana yi musu noma. Mun tarar da irinsu da yawa, wasu har sun yi furfura, ni kuwa na san ba ni da ƙirji.  Baba ya fara shiga, ya daɗe fiye da yadda ya saba, ya taso da nasa yashin. Da ya zo wucewa ta kusa da ni sai ya taka mini ƙafa, ya nuna gefen wani dutse da haɓa. Na nutsa a wurin, ban yi nisa ba na taɓa ƙwaryar kifi cike da farin yashi a maƙale cikin tsagar dutsen. Muka haye. Na san shi ya ajiye mini ita, kunya ta hana ni duban idonsa har muka kai bakin teku.

Game da tafiyar jirgi ba ni da abin faɗa sai amai. Ranar da muka sauka Marjanu na ga abin da bafataken ya faɗa gaskiya ne. Yashi fari fat, bishiyoyin kwakwa sun sunkuya kan ruwa, ruwan kuma garai-garai har kana ganin inuwar kwale-kwale a ƙasansa. Baƙi na kwance a rana da gangan, manya da su, sun shafe jiki da mai, ba mai ciwo a cikinsu. Baba ya dube su ya tambaye ni ko gidan jinya ne. Na ce hutun ke nan. Ya ce to Allah ya ba su lafiya, mu nemi masu nutson.

Tsibirin yana kewaye da wasu duwatsun murjani da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa, ana ce musu Haƙoran Teku. Tun zamanin da, jiragen fatake sukan zo su daki haƙoran nan su nutse, har ƙasan wurin ya cika da su. Kowane jirgi yana da gidan da ke kula da shi, kamar yadda ake kula da kushewar kakanni. Baƙo yana iya zuwa ya gani, amma ko ƙusa ba a ɗauka.

Mai koyar da baƙi wata gajeruwar dattijuwa ce mai kakkausar murya, ana kiran ta Uwar Tulu. Ta ji harshenmu a bakin fatake, tana yin sa ba ado. Ita ta nuna mana asirin mutanenta, wanda ba asiri ba ne ko kaɗan. Tulu ne na ƙarfe da ake goyawa a baya, maƙeran tsibirin suna ɗura masa iska da wasu manyan zugazugai da igiyar ruwa ke motsawa. Daga tulun tiyo ya zagayo zuwa baki. Sai madubin da ake ɗaurawa a ido, da ɗamarar dalma, da takalma masu faɗi irin ƙafar agwagwa. Baba ya juya tulun, ya ƙwanƙwasa shi, ya ce ashe da guzuri suke shiga, shi ya sa. Hankalinsa ya ɗan kwanta. Amma ya ce tunda mun zo, sai ya ga jiragen da idonsa.

Aka fara mu a wani lungu inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Abin mamaki, ni ne na fara iyawa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana neman numfashi a ƙarƙashin ruwa, yau ga shi an ba shi a tulu, ai ba sai an roƙe shi ya shaƙa ba. Na koyi fitar da ruwa daga madubi da hucin hanci, na koyi toshe hanci in hura don kunnuwa su buɗe, na koyi maganar hannu, tunda ba a gaisuwa da baki a can. Baba kuwa sai ya ciji tiyo, ya ja iska sau ɗaya, ya rufe ƙirji kamar yadda ya saba. Uwar Tulu ba fuska take kallo ba, kumfa take kallo. Ta ga babu kumfa a kansa, ta jawo shi sama ta ce ya riƙa fitar da numfashi. Ya ce to. Aka koma, ya yi sau biyu, ya manta. Ba taurin kai ba ne kaɗai. Jikinsa ne ya riga ya haddace wani karatun.

Da ta gaji da magana sai ta kai mu inda ruwa ke da zurfi, ta ce mu leƙa daga kwale-kwale. Ta nutsa da mafitsarar akuya, ta hura mata iska kaɗan daga tulunta a can ƙasa, ta ɗaure bakin, ta sake ta. Muna kallo mafitsarar ta taso tana kumbura, tana kumbura, kafin ta iso sama ta fashe. Uwar Tulu ta hau kwale-kwale ta yi mana bayani. Ta ce wanda ya ja numfashi a sama ya nutsa da shi, da abin da ya shiga yake fita, babu laifi. Amma iskar tulu a ƙasa ake shan ta, a matse take, kuma da mutum ya fara tasowa sai ta buɗe. In bai ba ta hanya ta baki ba, za ta yi wa kanta hanya ta huhu.

Sannan ta kawo igiya. A Marjanu ba a nutso mutum ɗaya. Biyu-biyu ake shiga, igiya a ƙugun wannan, ɗaya bakin a ƙugun wancan. Ta ce aikin abokin igiya biyu ne. In iskar ɗan'uwansa ta yanke, ya ba shi tiyonsa su riƙa karɓa-karɓa. In kuwa ya ga ɗan'uwansa yana tasowa da baki a rufe, ya dunƙule hannu ya naushe shi a ciki, da ƙarfi, har iskar ta fito. Ta dube ni ta ce, "Kai, za ka iya naushin tsohon nan?"

Na ce Allah ya kiyaye. Na gaya mata dokar Zangaru. Ɗan da ya ɗaga wa ubansa hannu, ko da wane dalili, in uban ya tabbatar a gaban dattawa, ana sa shi a kwale-kwale a kai shi hayin tafki. Ba ya dawowa, ba a ƙara ambatonsa a gidan, ko uban ya mutu ba a aika masa. Uwar Tulu ta ce to a raba mu, ita za ta riƙe igiyar Baba. Nan Baba ya haɗa rai, ya ce ba macen da za ta ɗaure shi a ƙugu, kuma ba baƙon da zai taɓa masa ciki.

"Wannan zai riƙe," in ji shi, ya nuna ni da haɓa.

Da farko na ji daɗi, don bai taɓa zaɓena a wani aikin ruwa ba. Sai daga baya na gane ya zaɓe ni ne don ya san ba zan iya ba. Tsoro ya kama ni. In ranar ta zo, ko in rasa shi a ruwa, ko in rasa shi a tudu. Uwar Tulu ta yarda ne kawai bayan ya yi kwanaki yana fitar da kumfa yadda take so, ta kuma ce za ta riƙa bin mu a baya.

Jiragen farko da muka gani ƙanana ne, a ruwa marar zurfi. Ba zan iya kwatanta daɗin da na ji ba. Ka sauka a hankali, ba nauyi a jikinka, ba abin da kake ji sai numfashinka. Murjani ya rufe katako da ƙarfe, ja da rawaya da shuɗi. Kifaye suna shiga ta taga suna fita ta ƙofa kamar masu gida. Wata kififfiya da ta kai faifan tabarma girma ta zo ta dube mu ta wuce. Na ga wata halitta mai hannuwa barkatai ta fito daga cikin randa, ta sauya launi, ta koma. Baba ma na ga idanunsa sun buɗe a bayan madubi. Da muka taso ya ce ba laifi, wanda a bakinsa babban yabo ne. Tarin ma ya tafi. Abu ɗaya ke damun sa: ga kaya zube a ƙasan ruwa, an hana shi ɗauka. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin abin mutane a ruwa ya bar shi ba.

Ana gobe za mu bar tsibirin, Uwar Tulu ta kai mu babban jirgin da ake kira Mai Tagulla, wanda ya fi duka zurfi. Da hantsi muka shiga. Jirgin yana kwance a gefensa, tsawonsa ya kai layin kasuwa, cikinsa ya tsage. Muka bi ta tsagar, haske yana shigowa ta ramukan sama. Uwar Tulu ta tsaya a baya tana warware wa wani baƙo igiyarsa da ta sarƙe. A wani lungu, bayan wasu ƙarafa da tsatsa ta cinye, akwai wata 'yar butar tagulla, irin ta alwala, a kife cikin yashi. Na ga Baba ya gan ta. Na girgiza masa hannu. Ko kallona bai yi ba, ya cusa kai da kafaɗa tsakanin ƙarafan ya miƙa hannu.

Ya kamo butar. Garin fitowa tiyonsa ya maƙale a bakin wani ƙarfe, ya fizga, tiyon ya tsinke. Kumfa ta turnuƙe wurin. Da ta lafa na ga Baba ya saki butar, ya tofar da guntun tiyon, ya datse baki. Fuskarsa ba tsoro ko kaɗan. A ransa ya koma tafkin Zangaru ne kawai, inda ya san abin yi. Ƙirjinsa cike da iskar tulu, ya bi ta ramin sama ya fita daga jirgin, ya doki ruwa da ƙafa ya nufi haske.

Igiya ta fizge ni na bi shi. Na kama ta na ja jiki har na kai ƙugunsa. Na cire tiyona na miƙa masa a fuska, ya ture hannuna. A ganinsa taimakona yake yi, kada ya rage mini guzuri, shi ai yana da ƙirji. Na nuna masa bakina ina fitar da kumfa, bai duba ba, sama yake kallo. Na riƙe ƙafarsa don in tsayar da shi, ya fi ni ƙarfi. Ruwan yana ta ƙara haske. Na waiga, Uwar Tulu tana can ƙasa tana tahowa, ba za ta iso ba. Na ga jijiyoyin wuyansa sun tashi, ya daɗa cije leɓe, don shi a saninsa in ƙirji ya yi zafi daurewa ake yi.

Na dunƙule hannu. A ruwa naushi ba ya tafiya da sauri, don haka na riƙe ɗamararsa da hagu, na jawo shi, na sa masa dama a ƙarƙashin haƙarƙari da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Bakinsa ya buɗe, iska ta fito da yawa har ta rufe mini gani. Kafin ya shaƙi ruwa na cusa masa tiyona. Ya ja. Ya fitar. Ya dube ni ta cikin madubi, kallon da ban taɓa gani a idonsa ba, ni kuwa ina kuka, ruwan ido yana taruwa a madubina. Uwar Tulu ta iso ta riƙe mu duka, muka ƙarasa tasowa a hankali, muna karɓa-karɓar tiyo ɗaya ni da shi.

A kwale-kwale ta kwantar da shi, ta sa kunne a ƙirjinsa, ta duba miyaunsa ko da jini, ta ce ya tsira, amma da kaɗan. Ta yi masa faɗan butar son ranta. Da na yi zaton abin zai tsaya tsakaninmu. Ashe a Marjanu irin wannan naushi abin alfahari ne. Kafin la'asar an ɗaura mini dutsen murjani a wuyan hannu, an zaga da ni kasuwa, mai shela yana faɗa wa kowa ga baƙon da ya naushi ubansa ya cece shi. Ina roƙon su su yi shiru, suna tsammanin kawaici ne. A cikin 'yan kallo na hangi fataken ƙasarmu.

Tun daga Marjanu har Zangaru Baba bai yi mini magana ba. Ko "kai wannan" ɗin ma na nema na rasa. In na kawo abinci ya ci, in na shimfiɗa tabarma ya kwanta. A hamadar gishiri na durƙusa na ce ya yafe mini, ya tashi ya tafi duba raƙumi. Na tsinke murjanin na jefar. Ban yi nadamar naushin ba, ko yau aka koma zan sake, amma baƙin ciki ya hana ni sakat, don na san Baba bai taɓa ƙarya ba, kuma na san za a tambaye shi.

Labari kuwa ya riga mu isa. Ko kaya ba mu gama saukewa ba aka kira mu gindin tsamiyar bakin tafki. Gari ya taru. An riga an jawo kwale-kwale bakin gaɓa, mahaifiyata tana bayan mata ta rufe fuska da mayafi. Dattijo Anaruwa, babban dattawan gari kuma abokin Baba tun suna yara, ya yi gyaran murya. Ya ce fatake sun kawo wata magana marar daɗi, ba kuma a hukunci da maganar fatake.

"Gwani, kai za ka faɗa. Yaron nan ya ɗaga maka hannu?"

Baba ya dubi tafki. Sannan ya ce an dai buge shi a ciki, wannan gaskiya ne, har yanzu in ya yi tari yana jin wurin. Ya ba su labarin butar da tiyon, bai rage laifinsa ko kaɗan ba, ya ce yana tasowa da mutuwarsa a ƙirji bai sani ba.

"Sai wani kifi ya zo ya tunkuye ni," in ji shi.

Dattijo Anaruwa ya ce wane irin kifi. Baba ya ce irin na teku, babu shi a tafkinmu. Aka ce fatake sun ce an zaga da ɗansa kasuwa. Ya ce mutanen da ke kwanciya a rana da gangan, me ba za su yi ba. Wasu suka yi dariya. Dattijon bai yi ba. Ya dubi Baba, ya dube ni, ya san abin da ya sani. Ya sake tambaya a hankali, ko Gwani ya tsaya a kan maganar kifi. Na dubi Baba, mutumin da ya tsufa ba a taɓa kama bakinsa da ƙarya ba.

"Na tsaya," in ji shi. "Na ga idonsa. Tun yana ƙarami nake ganin kamar ba zai yi ƙarfi ba, ashe ni ne ban sani ba. Ba shi da laifi a wurina, duniya da lahira. Allah ya yi wa kifin nan albarka."

Dattijo Anaruwa ya ce amin, gari ya amsa. Ya sa aka mayar da kwale-kwalen maɗaurinsa. Ni ma na ce amin, kaina a sunkuye.